Tarkon Ƙwari a Ɗakin Geron Surukina

A shekarun da kuɗin man fetur suka malalo har Katsina, ni sabon ma'aikaci ne kuma sabon ango, wato daidai lokacin da mutum ya fi kowa sanin komai. Na gama makarantar koyon aikin gona, aka ɗauke ni a wani ofishi da ke kula da ajiyar hatsi, aka ba ni tebur da kujera da babur sabo fil. Aikin ne kawai aka manta ba a ba ni ba. Manyan ɗakunan ajiyar da aka ce zan riƙa dubawa, wasu ba a gama rufa musu kwano ba, waɗanda aka gama kuma buhunan siminti ne jibge a ciki. Siminti kuwa, har yau ban ga ƙwaron da ya dame shi ba.

Amma kayan aiki sun iso, domin a wancan zamani kaya kan riga aiki zuwa. Wata rana mota ta sauke mana akwatuna daga ƙasar waje, muka ɓalle su, sai ga tarkunan ƙwari. Kowanne bututu ne na tagulla, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa, jikinsa duk 'yan ƙananan huji, ƙasansa da 'yar kwalba da ake murɗawa a cire, samansa da igiya. Cusa shi ake yi cikin hatsi har ya nutse, a bar igiyar a waje. Ƙwaro yana cikin yawonsa tsakanin ƙwayoyi sai ya leƙa huji, ya zame ya faɗa kwalba, ba kuma zai iya fitowa ba. Bayan 'yan kwanaki ka jawo igiya ka duba.

Ga inda maganar take, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe ta da kyau, domin ita ce aka kasa riƙewa a gidan surukaina. Wannan tarko ba ya maganin ƙwari. Ko ka cika ɗaki da shi, abin da zai kama bai kai abin da ake ƙyanƙyashewa a yini guda ba. Aikinsa kawai ya gaya maka abin da ke faruwa can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. In ka jawo ka ga kwalba wayam, hatsi lafiya. In ka ga 'yan kaɗan, ka sa ido. In ka ga ta yi baƙi, to maza ka fitar da hatsi rana, ko ka toshe ɗaki ka turara magani. Na haddace wannan bayani da Turanci da Hausa, na rasa wanda zan yi wa shi, na kuma rasa hatsin da zan gwada tarkon a kai. Sai na tuna da surukina.

Alhaji, mahaifin matata, mai sayar da yadi ne a unguwar Gobarau, amma asalinsa wani ƙauye ne can bayan Batagarawa. Tun yana saurayi ya shigo birni, har ya yi furfura bai yarda cewa ya bar ƙauyen ba. Ya ga yunwa yana yaro, ya sake ganin fari da girmansa, lokacin da danginsa suka cinye har irin shukarsu. A bayan gidansa akwai ɗakin ƙasa mai ƙofa ɗaya da 'yar taga. Ya sa aka gina katanga daga ciki, a bakin ƙofar, har tsayin ƙirji, aka riƙa zuba sussukakken gero a bayanta. Na can ƙasa shi ne girbin ƙarshe na gonar gadonsu, kafin samarin gidan su jefar da fartanya su shigo gari leburancin gini. Gero ne irin na kakanninsu, mai gajeren kara, mai saurin nuna, wanda ba ya jiran ruwa ya yi yawa, kuma ba a samunsa a kasuwa. A kansa, duk kaka, Alhaji kan sayo na kasuwa ya ƙara.

'Yan majalisarsa na ƙofar gida sun samu abin tsokana.

"Alhaji, ƙasar nan fa ta yi arziki," in ji su. "Shinkafa jirgi ke kawo ta, fara tas, ba tsakuwa. Kai kuma kana ta tara abincin tantabara."

"To," ya kan ce, "ranar da aka tuƙa tuwon fetur a kira ni in ɗanɗana."

Ba don kansa yake tarawa ba. Ya aika wa yayarsa da ke ƙauye, wadda matata ke kira Gwaggo, ya kuma maimaita a gaban mutane, cewa duk daminar da samarin nan suka gaji da ɗaukar siminti a ka suka koma gona, iri da abincin noma suna wurinsa, kada kowa ya sayi ko tiya ɗaya. Alhaji bai sayi mota ba, bai ɗora bene ba, bai sa haƙorin zinariya ba lokacin da kowa ke sawa. Abin da yake da shi a unguwar shi ne in ya ce abu yana nan, to yana nan. Maganarsa kuwa tana cikin ɗakin geron nan, a bayan katanga.

Matsalar ita ce ni surukinsa ne. Wanda bai san surukuta irin ta cikin birni a wancan lokaci ba, ba zai gane ba. In na zo gidan, tun daga kwanar unguwa nake kashe babur in turo shi da hannu. In tuɓe takalma nesa da tabarma, in durƙusa, in sa ido a ƙasa. Ba na cin abinci a gabansa, ba na shan ruwa, ba na fara magana, ba na tsawaita ta. Gaisuwa kam muna yin ta mai tsawo, har da ta kaji da awaki, amma duk amsarta ɗaya ce, lafiya lau. Shi ma kunyata yake ji. Malam yake kirana, ni da ɗansa na fari ya girme ni, kuma bai taɓa kallon fuskata ba, sai dai gefen kafaɗata. A cikin irin wannan zama, ina zan sami bakin da zan zaunar da shi in koya masa yadda ake kula da hatsi? Mutumin da ya fara sussuka kafin a haifi uwata?

Sai na bi hanyar da kowa ke bi. Na nemi izini a ofis, aka ce in kwashi ko nawa nake so, ai ma na rage musu cunkoso. Na kawo tarkuna gida na zaunar da matata.

"Ki gaya wa Hajiya ta gaya wa Baba," na ce, "wannan abin ba magani ba ne, dubawa kawai ake yi da shi. Kuma kada kowa ya buɗe kwalbar, a bar duk abin da ya faɗa ciki har in zo ranar Juma'a in gani da idona."

Ta dube ni, ta dubi tarkon. "Yanzu ni zan aika wa Baba cewa kada ya taɓa abu a ɗakinshi?"

"Ba ke kika ce ba, kimiyya ce ta ce."

"To kimiyyar ta je ta gaya mishi mana."

Na sha kunu, na yi faɗa, na ce ita matsalarta ba ta ɗauki aikina da muhimmanci ba. Ta ce ta ji, za ta faɗa. Kuma ta faɗa, ba zan ɗora mata ƙarya ba. Sai dai daga baya, bayan komai ya lalace, na bi sawun maganata daga baki zuwa baki, ga yadda ta yi tafiyarta. Matata ta ce wa Hajiya, mahaifiyarta, Malam ya ce a bar masa tarkon, shi zai riƙa zuwa yana buɗewa. Batun cewa ba magani ba ne ta ajiye shi a hanya, domin a ganinta ba a kai wa mutum kyauta a haɗa da kushe ta. Hajiya kuma ta jira Alhaji ya ci abinci ya wanke hannu, sannan ta ce yaron nan ya ce kada ka wahalar da kanka, shi zai riƙa zuwa yana kwashe abin da suka kama. Ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu. Kowacce gyara maganar ta yi don ta shiga kunnen babba ba tare da ta ƙarje shi ba.

Alhaji ya ce, "Mijin ɗiyata, ma'aikacin gwamnati, ya zo da fararen kaya ranar Juma'a ya kwashe ƙazanta a gidana ina zaune? Ba a yi haka ba."

Ranar da na kai tarkunan, ya ƙirƙiri wata gaisuwar mara lafiya ya bar gidan don in sake. Na shiga ɗakin, na haye katanga, na cusa su a kusurwoyi da tsakiya, na ɗaure igiyoyin a ƙusa. Geron yana da sanyi a hannu, yana ƙamshin kaka. Na fito ina karkaɗe riga, ina jin kamar na kafa wa ƙasa wani abu.

Daga washegari Alhaji ya samu sabon aiki. Da hantsi, kafin ya tafi kasuwa, sai ya shiga ɗakin ya jawo igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya murɗe kwalba, ya fito tsakar gida ya juye wa kaji. Ya goge kwalbar da tsumma, ya hure hujin, ya mayar daidai inda na sa. Haka duk mai hankali ke yi da tarkon ɓera: in ya kama a cire, a sake ɗanawa. Ranar Juma'a kuwa sau biyu yake yi, da safe da kuma bayan an sauko daga masallaci, don kada baƙo ya tarar da abin kunya. Da farko 'yan kaɗan yake samu, wasu baƙaƙe masu dogon baki, wasu jajaye 'yan fala-fala. Da tafiya ta yi tafiya kwalba ta fara cika, shi kuwa murnarsa ta ƙaru, domin a lissafinsa duk wanda ya faɗa kwalba an rage mugu ɗaya.

Ni kuma duk Juma'a in turo babur, in durƙusa, mu gaisa.

"Barka da Juma'a, Baba."

"Barka kadai, Malam. Ya aiki? Ya mutanen gidan? Ya zafi?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla. Bari in leƙa maƙwabta."

Ya tashi ya ba ni wuri. In shiga ɗakin da sauri, don suruki ba ya daɗewa a bayan gidan surukai, in jawo igiya in ɗaga kwalba wajen taga. Wayam, tas, har ƙyalli take yi. Akwai ƙarfen da 'yan kasuwa ke cakawa cikin hatsi su zaro na ƙasa su gani, akwai shi ma a ofis, amma in shiga da shi gidan Alhaji ai kamar na ce ban yarda da kayansa ba ne. Kuma me zan nema? Geron sama sabo ne, mai kyau, tarkon Turai kuma ya ce ƙasa lafiya. A ofis na cika wa abokan aiki baki cewa na samu ɗakin ajiya na ƙasa wanda ko ƙwaro ɗaya babu a ciki, har wani babba ya ce ya kamata a kawo baƙi su gani. Allah ya rufa asiri baƙin suka tsaya a Kano.

Saƙonni kuwa suna ta zuwa mini ta hanyar da nawa ya bi. Baba ya ce a gode wa Malam, ya ga amfanin tarko. Baba ya ce Allah ya yi albarka. A majalisa, ashe, har labari yake bayarwa, cewa surukinsa ya kawo wani abu da ke kama ƙwari dare da rana ba gajiya, masu yi masa tsiyar tantabara suka fara tambaya ko za a samo musu. Kajin gidan suka yi ɓul-ɓul, suna sheƙi. Sau da yawa Hajiya kan sa a yanka ɗaya a yi farfesu a aiko mana Kambarawa inda muke haya. Na ci, na suɗe ƙashi, na ce wa matata kajin gidansu sun fi na ko'ina daɗi, ko me ake ba su? Ta ce ita ma ba ta sani ba. Sakamakon bincikena ne nake ci da yaji, ina santi.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne batun shanya. Al'adar gidan, in rani ya tsaya, sai a kwashe geron a baza shi a tabarmi a tsakar gida ya sha rana, a share ɗakin, a shimfiɗa ganyen bedi, wato dogon-yaro, da toka, a mayar, na gadon a ƙasa, na kasuwa a sama. Aiki ne mai wahala, kowa a gidan ya tsane shi. Wannan shekarar da Hajiya ta tuna masa, sai Alhaji ya ce a bari, an wuce wannan zamanin, ga abin da yaron nan ya kawo yana aikin kullum. Mutumin da ya ƙi shinkafar jirgi, ya ƙi burodi, ya ƙi madarar gwangwani, shi ne ya ajiye toka da ganyen bedi saboda bututun tagulla. Turai ba ta isa ta sa shi haka ba. Da ni ya yarda, domin ni ya ba 'yarsa.

Ana nan sai aikin gine-gine ya fara ja da baya. Wani ɗan kwangila ya tafi Makka bai dawo kan aikin ba, wani ya tafi Legas karɓo kuɗi ya zama ɗan can. Samarin ƙauyensu Alhaji suka fara komawa gida ɗaya ɗaya, da rediyo a kafaɗa da wando mai faɗin ƙafa. Gwaggo ta aiko cewa bana za a buɗe gonar gado, an yi sharar gona, an kai taki, ruwa kawai ake jira. Alhaji ya ce a gaya mata da zarar an yi ruwan shuka su zo da jakuna.

Ruwan ya sauka wata Laraba. Washegari da hantsi ƙofar gidan ta cika da jakuna da mutanen ƙauye, har da wata tsohuwar akori-kura da suka yi haya. Alhaji ya aiko musamman a ce in zo, domin a cewarsa da hannuna a cikin wannan alheri. Na zo na tsaya can gefe inda suruki ke tsayawa. Ya sa babbar riga, ya zauna a kujera a bakin ɗakin. Gwaggo, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa mai kaifin ido, tana zaune a tabarma kusa da ƙafarsa. 'Yan majalisa ma sun shigo, su da suka yi ta dariya, yau sun zo ganin ranar Alhaji.

Wani ƙaton jikan Gwaggo ya haye katanga da ƙwarya ya fara ɗebowa. Na sama ya fito lafiya, aka cika buhu, aka cika wani, mata suna sa albarka. Gwaggo ta ce wannan na ci ne, a tono mata na ƙasa, na babansu, shi ta zo gani. Saurayin ya zurfafa. Sai na ga ya tsaya ya dubi hannunsa.

"Kaka," ya ce wa Alhaji, "ƙasan nan da ɗumi."

Ni kuwa na san abin da ke sa hatsi ɗumi. Ya sake nutsa ƙwarya ya ɗago, wani wari mai tsami ya bugo mu har inda nake. Abin da ke cikin ƙwaryar rabinsa gari ne, yana motsi. Ƙwari suka bi hannunsa suna hawa har kafaɗa. Gwaggo ta miƙa tafi aka zuba mata, ta kai kusa da ido, ta hura. Kusan duka ya tashi, ya bar 'yan ƙwayoyi, kowacce da huji. Ta ɗauki ɗaya ta murza tsakanin yatsu ta zama ƙura.

"Wanga ba ya fita," ta ce a hankali. "Sun cinye mishi ido."

Alhaji ya ce a tona ta kusurwar gabas. Aka tona. Ya ce a tona ta bayan ƙofa, a tona tsakiya, a kai har daɓe. Ko'ina haka. 'Yan majalisa suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kuma na gode musu, don da ɗayansu ya buɗe baki ya ce wani abu game da shinkafa, da na manta da cewa ni baƙo ne a gidan. Ni kuwa ina tsaye ina tambayar kaina ta ina, tun yaushe, alhali Juma'ar da ta wuce kwalabe suna ƙyalli. Haushi ya cika ni, na tarkon, na Turawan da suka ƙera shi, na duk wanda ya sa hannu aka sayo shi.

Alhaji ya tashi ya shiga cikin gida, ya fito ya aiki mutum kasuwa. Kafin azahar aka sauke buhunan shinkafar jirgi a ƙofar gida, domin a ranar ita ce abin da za a samu da yawa nan take. Ya tsaya da kansa aka ɗora wa jakuna, ba wanda ya koma hannu sake. Gwaggo ta shafa buhun, ta karanta zanen da ke jikinsa da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi ƙanenta.

"Ita wagga, ana shuka ta?"

"A'a, Yaya. Ci kawai ake yi."

"To, Allah ya amfana," ta ce. Aka ɗora ta a gaban mota suka tafi.

Na juya zan ɗauki takalmana in sulale, sai na ji ya ce, "Malam, zo." Ba ta bakin Hajiya ba, ba ta bakin kowa ba. Ya shiga ɗakin geron na bi shi, mu biyu kawai, abin da bai taɓa faruwa ba. Ƙwari suna bin bango, ƙura tana yawo a hasken taga. Ya jawo igiya ɗaya ya ɗago tarkon. Ranar nan hidima ta hana shi aikinsa na safe, kwalbar ta cika maƙil, baƙi ƙirin. Ban taɓa ganin ta haka ba, na tsaya ina kallonta baki buɗe.

"Kullum haka nake samunta," ya ce. "Kullum ina zubarwa, ina gogewa, ban taɓa fashi ba, ko ranar da na yi zazzaɓi. Ban bar maka ko ɗaya ka wahala ba. To ina na yi kuskure? Ka faɗa mini da bakinka. Mene ne aikin wanga abu?"

A nan na gane komai, har da farfesun kaji. Na durƙusa a cikin garin geron, na yi masa bayanin da na haddace tun farko, wanda bai fi a faɗe shi kafin shayi ya huce ba. Na ce ba ya kashe su, Baba, ba ya rage su. Yana nuna yawansu ne kawai. Da na ga kwalba ɗaya haka tun rani, da an fitar an shanya, da an turara magani, da na ƙasan ya tsira. Tausayinsa ya kama ni har ina jin kamar in yi kuka, ga kuma haushin da ban san wanda zan ɗora wa ba.

Ya daɗe yana juya tarkon a hannu.

"Ashe ɗan aike ne," ya ce. "Kullum yana zuwa ya gaya mini, ni kuma ina ba kaji."

Ya ajiye tarkon a kan katanga.

"Me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Na aiko, Baba."

"Ka aiko." Ya gyaɗa kai. "Ni ma na aika maka da kaza."

Ban san ko dariya zai yi ba, shi ma ina jin bai sani ba. Sai ya dube ni a fuska, karo na farko tun da na auri 'yarsa, na ga idanunsa sun yi ja. Ya ce daga yau in na zo in shigo da babur ɗina har ƙofa, in zauna a tabarmarsa, in ina da magana in faɗa masa yana ji. Ya ce kunyar nan ta ci masa geron ubansa, ba zai ƙara ba ta komai ba.

Haka kuwa aka yi. Juma'ar da ta biyo ya sa aka kawo tuwo a kwano ɗaya ya ce in sa hannu. Unguwa ta yi ta magana, Hajiya ta yi kwanaki ba ta sake da ni ba. A hankali muka saba. Na gano mutum ne mai ban dariya da gardama, muka yi shekaru muna musu kan taki da siyasa da farashin yadi, ya zama ba ni da abokin hira kamarsa. Sai dai abu ɗaya ya canza. A majalisa, in ana ciniki ko alkawari, bai ƙara cewa abu yana nan ba. Sai ya ce a je a duba tukuna.

A ƙauye kuwa irin kasuwa suka shuka a gonar gado, mai dogon kara, mai son ruwa. Gwaggo ta yi ta cigiyar na babansu a ƙauyukan kewaye har ta rasu, ba ta samu ba. Ɗakin aka share shi, aka rushe katangar, wani maƙwabci ya karɓe shi haya ya zuba siminti. Tarkunan Alhaji ya wanke su da kansa ya rataye a ƙusa cikin zaure, daidai saman tabarmar da muke zama. Na ce zan mayar da su ofis, ya ce in bar su nan, ai su ba su ɓoye masa komai ba.